Jajayen Sanduna

Ranar Talata, bayan ruwa ya ɗauke,
kwalabe tara suka iso teburina a asibitin Manhyia.
Ta bakwai na ɗauke da rubutun da na sani:
Shu'aibu Gariba, tela, Aboabo.
Ni na rubuta da asuba a tsakar gidanmu,
shi kuwa yana lazimi, tari na katse masa ƙirga.

Na shafa kakin a gilashi, na gasa, na rina,
ja tukuna, sannan shuɗi.
Afrakoma ta ce, "Kawo in duba miki."
Na ce ta bari.
Kuɗin da ya koya wa idon nan gani
daga ƙafar kekensa ya fito.

Na sunƙuya kan madubi.
Fili shuɗi, kamar zanen da ya ƙoshi da baba,
can gefe kuma ga su:
jajayen sanduna, sirara, wasu a tanƙware,
tamkar guntayen zaren da ke zuba
ƙarƙashin kekensa a daren sallah.

Yaushe kuka shigo?
A motar Kejetia ne, da aka rufe tagogi don ruwa?
Ko a shagon Alabar mai taga ɗaya,
inda samari shida ke numfashi ɗaya
tun ba a haife ni ba?
Ba ku yi sallama ba. Iska ta goyo ku.

Na san abin da ya biyo baya, na karanta, na ci jarrabawa a kai.
Masu gadin jini sun taso, sun haɗiye ku,
kuka ƙi narkewa.
Suka yi gangami, suka kira 'yan'uwa,
da suka ga ɓarawo ba ya korawa
sai suka gine shi a ɗaki,
suka jingina bayansu da bango suka zauna.
Shekara nawa? Ba wanda ya ba su ko ruwa.
Baba na can yana yanka shadda,
bai san ana tsare masa ƙirji ba.

Sai ciwon sukari ya zo.
Sai Inna ta tafi cikin azumi,
kwanon tuwonsa ya riƙa dawowa yadda aka kai shi.
Mai gadi ma da ciki yake tsayuwa.
Bango ya tsage.

Ya ce tarin fanka ne.
Citta, kanumfari, zuma daga Tamale.
Gumi na jiƙa matashi da dare,
ya tashi ya juya shi, kada in gani.
Sau biyu ya rage ƙugun wandonsa da hannunsa,
ɗinki mai kyau, wanda ba ya tona asiri.

Na cike takarda. Hannuna bai yi rawa ba
sai da na zo kan sunan.

Bayan magariba na zauna bakin tabarmarsa.
Na ce tarin fuka ne, kuma yana da magani:
wata shida, kullum, ko ka ji sauƙi ba fashi.
Fitsari zai yi ja, kada ka tsorata.
Gobe za a duba yaran shago,
har da Sahura mai tabon lamba a dantse.

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.
"Su nawa ne?"
"Ba sa ƙirguwa, Baba."
"Masu gadin fa, sun gudu?"
"Suna nan. Sun rame ne kawai."

Ya yi dariya, tari ya karɓe ta.
Da ya lafa ya ce, "Ashe haƙƙin ma'aikata nake ci.
Aika a sayo wake da shinkafa wajen Hajiya Lantana,
a sa ƙwai biyu."

Na tashi na buɗe tagar da ke rufe tun rasuwar Inna.
Ta cije. Sai da na sa kafaɗa.